Rabon Mai Ruwa

Ɓawon kifi ne ya toshe mini bututun wurin wanke-wanke, shi ya sa ofishin gidan haya suka turo mini tsohon. A lokacin ina zaune a hawa na biyu a Hyattsville, tsakiyar shekarun tamanin, ina yankan albasa da kankare tukwane a kicin ɗin wani otal cikin Washington. Da ma a matsayin kuku na zo ƙasar, a bayan wani babban ma'aikacin gwamnati. Da soja suka karɓi mulki a gida aka kira shi ya koma. Ni ba wanda ya kira ni, sai na ɗauka ƙasa za ta iya lallaɓawa ba tare da ni ba. Karatuna aji huɗu ne na firamare, rabinsa ma a bakin ruwa na yi shi, don haka duk wanda ya tsinci kuskure a rubutun nan ya kai ƙara gaban kogin Kaduna.

Tsohon shi ne mai gyaran famfo da wuta na gidajen namu. Baƙar fata ne ɗan ƙasar, dogo, ya doshi saba'in, ba ya fitar da magana sai ya tauna ta. Ya kwanta a ƙasa ya kwance bututun, ya zazzage abin da ke ciki a bokiti, ya tsaya yana juya shi da yatsa kamar mai duba.

"Wa ke cin kifi haka a gidan nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ina ka kama?"

"A kanti."

Ya dube ni da irin tausayin da ake yi wa maraya. Abin ya ƙona mini rai. Na ce masa ya bi a hankali, da ɗan masunci yake magana, jikan masunci, na iya jefa birgi tun ban san amfanin wando ba. Birgi shi ne ragar nan mai dalma a baki, wadda ake cillawa ta buɗe kamar faifai ta rufe kifi. Sai da na kwatanta masa da tawul. Ya ce, "To, Cif, za mu gani ran Asabar." Cif yake ce mini har muka rabu, wai duk ɗan Afirkan da ya taɓa gyara wa famfo ɗan sarki ne.

Ran Asabar ya ɗauke ni a tsohuwar a-kori-kurarsa. Muka wuce Bowie inda gidansa yake, muka bar kwalta, muka bi hanyar tsakuwa zuwa cikin wata tsohuwar gonar taba. Farin gida a kan tudu, ƙaton rumbun katako na shanya ganye wanda ya fara karkacewa, bayan rumbun kuma tafki, kwance cikin itatuwa, ba a hango shi daga gidan. A gonar aka haife shi. Ubansa ya yi wa masu gonar noman taba har ƙarfinsa ya ƙare, bukkarsu tana can inda yanzu ƙaya ta cinye. Tun yana ɗan shekara bakwai yake kamun kifi a tafkin. Masu gonar duk sun mutu sun bar tsohuwa ɗaya, Baturiya, matar ɗan gidan, sai ɗanta lauya da ke zaune a wani gari. Duk duniya, in ka cire danginta, Baba kaɗai aka yarda ya jefa ƙugiya a ruwan, shi da baƙo ɗaya in ya ga dama. Ba takarda, ba sa hannu. Magana ce kawai da ta tsufa tare da su.

Kafin mu gangara tafki sai ya bi ta ƙofar kicin, ya cire hula, ya ƙwanƙwasa, su gaisa ta bayan ragar sauro. In za mu tafi ya ajiye mata 'yan kifaye gyararru a takarda. Na ce a raina, ashe nan ma sun san rabon mai ruwa. Ƙofar kicin kuwa na ɗauka don ta fi kusa ne. Ban san tun zamanin ubansa baƙar fata ba ya bin ƙofar gaba a gidan ba.

Da ya fito da kayan kamun sai da na zauna don dariya. Sanda doguwa siririya, ba ta fi tsinken tsintsiya nauyi ba. Igiya mai kauri, a ƙarshenta zare kamar gashin wutsiyar doki, a ƙarshen zaren ƙugiya 'yar mitsitsiya an naɗe ta da gashin tsuntsu, an yi mata ƙafafun roba, wai ƙwaro ke nan. Ba tana, ba dusa, ba komai.

"Baba, kifin ƙasarku lafiyarsa ƙalau? Na garinmu da bai taɓa shiga aji ba ma ba zai ci gashin kaza ba."

"Koma hagu, Cif, kada in huda maka kunne."

Sai ya fara kaɗa sandar gaba da baya, igiyar tana miƙewa a iska tana lanƙwasowa kamar bulalar makiyayi, amma ba ƙara. Ya sake ta, ta kwanta a kan ruwa kamar an shimfiɗa ta da hannu. Ya ƙirga goma a cikin bakinsa don ƙwaron ya nitse, da ma ya naɗa masa 'yar dalma a ciki. Sannan ya riƙa jan igiyar da yatsa biyu, tsawon gaɓa ɗaya, ya tsaya, gaɓa ɗaya, ya tsaya. Kifin da muke nema ba ya tasowa sama kamar ƙananan danginsa masu haɗama. A ƙasa yake kiwo, katantanwa yake ci, yana da wasu haƙora can cikin maƙogwaro da yake murƙushe ta da su. Kuma ba ya fizga. Bakin igiyar ne zai ɗan motsa kamar an hura masa iska, in ka tsaya ƙiftawa ya tofar ya yi gaba.

Baba ya ɗaga sanda, sai ga ta ta lanƙwashe. Kifin ya juya faɗinsa ya shiga kewaya, ya ƙi zuwa, kamar akuyar da ta gane hanyar mahauta. Da ya iso hannu na ga ɗan'uwan karfasa ne, amma wanda ya ji daɗin duniya: faɗinsa faranti, kaurinsa Littafi Mai Tsarki irin na kan mumbari, jikinsa kore-kore da ruwan zinariya, ga ja a gefen kunne kamar an shafa masa jan-baki. Yawu ya cika mini baki. Har na gama yanke yawan attarugun da zai ci.

Baba ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar, ya mayar da shi ruwa.

Na ɗauka kuɓuce masa ya yi, ina neman kalmar jaje da Turanci. Da ya saki na biyu na ce, "Baba, lafiya? In alwashi ka yi ka gaya mini, ni ban yi ba."

Ya yafito ni bakin ruwa ya ce in duba da kyau. Watan Mayu ne, ruwa ya yi ɗumi. A inda zurfin bai kai ƙugu ba, ƙasan duk gurabu ne zagaye-zagaye kamar an jera kwanuka, kowane da ƙaton kifi tsaye a kansa. Mazan ne, in ji shi, suna gadin ƙwai. Ka ɗauke namiji ka tafi da shi, kafin ka kai mota ƙananan kifaye sun share gurbin tas. Kuma kafin ɗaya ya kai girman faranti sai ya yi shekara da shekaru. Ƙananan nan masu haɗama in kwashi ko bokiti ne, rage su taimakon ruwan ne. Manyan kuwa, a gaisa a rabu.

Na ce da ubana ya ga wannan da sai ya nemo masa mai magani. Amma na koya. Wata biyu ina kama reshe, ina kama hulata, sau ɗaya na kama ƙeyar Baba, ya ce wannan ma a sake shi, yana gadi ne. Ya sa na yanki takardar izinin kamun kifi, karo na farko a zuriyarmu da wani ya nemi izinin gwamnati kafin ya jiƙa ƙafa. Ni kuma na samo masa gashin zabo daga wurin masu sayar da kaji masu rai, ya naɗa ƙwari da shi, ɗigo-ɗigon nan ya shiga idon kifin ba kaɗan ba. Sai mu yi awa biyu ba wanda ya ce uffan. Wani lokaci ya nuna mini wani dutse ya ce nan ubansa yake zama ya wanke ƙafa in an tashi daga gona, shi ke nan labarin ya ƙare. Ranar da na kama babba na farko, na sake shi da kaina, na ji wani abu a ƙirji da ban san sunansa ba. Wataƙila yunwa ce.

A shekara ta uku ya tsayar da ni a ƙofar kicin ya ce wa tsohuwar, "Wannan mutumina ne, na tsaya masa. Yana hutu ran Talata ma. In kin gan shi shi kaɗai, kamar ni kika gani." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce to.

Bakina ne ya fara jawo abin.

Akwai wani ɗan garinmu da nake kira Yaya, ya girme ni da fiye da shekara goma, dattijo ne a cocinmu, matarsa nas. Lokacin da maigidana ya koma gida, a kan doguwar kujerar falonsa na kwana wata takwas, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Wata Lahadi bayan sujada ana shan shayi, na ware hannuwa ina nuna wa jama'a girman kifin tafkinmu.

"Shekara nawa kana zuwa wurin nan?" in ji Yaya.

"Uku, Yaya."

"Uku. Ko ƙaya ba mu gani ba."

"Ai sakewa muke yi."

Aka kwashe da dariya, wata mata har ta ƙware. Yaya bai yi ba. Ya ce, "A garinmu me ake kiran mutumin da ya san inda kifi ya taru ya rufe bakinsa?"

Na san abin da ake kiransa. A garinmu mutum ɗaya ba ya su. In ruwa ya ja baya kifi ya taru, mai ruwa ne zai sa rana, gari ya fito, a kama tare, a fitar masa da manya-manyan, sauran a raba har gidan da ba namiji. Wanda ya laɓaɓa ya je shi kaɗai, ko 'yarsa ba a nema. Na ce ai tafkin na mutane ne, baƙo ɗaya aka yarda. Ya ce, "Madalla. Kai yanzu ɗan gida ne, ni ne baƙonka. Ko sai na cika fom?" Bai ambaci kujerar falonsa ba. Da ya ambata da na sami abin yin fushi.

Ran Talata na je ɗaukarsa a gwangwanin motata, na tarar da shi da maƙwabcinsa, wani Alhaji mutumin Gana, ɗan zangon Accra, direban tasi. Ga akwatin ƙanƙara biyu, ga buhun shinkafa a kafaɗar Alhaji.

"Rakiya kawai zai yi mana," in ji Yaya.

Na dubi buhun. Na san ƙarar dalma in na ji ta.

Motar tsohuwar ba ta nan. Na ƙwanƙwasa ƙofar kicin, shiru, kuma Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. A bakin tafki na haɗa sandata na fara kaɗawa don su ga ilimi. Minti goma suka ba ni.

"Masta," in ji Alhaji, "ƙuda kake kora ko kifi kake kamawa?"

Ya zazzage buhun. Birgi ne, shi ya saƙa abinsa da hannu cikin watannin sanyi, yana layin jiran fasinja a filin jirgi. Na ce Alhaji a'a. Na ce Yaya ka yi masa magana. Sau biyu na faɗa, wannan ina so a san na faɗa. Yaya ya ce jifa ɗaya kawai, na miya.

Alhaji ya jefa. Birgin ya tafi a dunƙule kamar ƙullin wanki ya faɗa ruwa, tim. Ya jawo, ciyawa. Ya sake, ciyawa da reshe. Shekara ashirin yana riƙe da sitiyari, hannu ya manta. Ni kuwa ina tsaye ina kallo ana wulaƙanta sana'ar ubana a gaban idona.

"Ba haka ake yi ba," na ce.

Har yau ban san lokacin da na ajiye sandar ba. Na dai ji bakin raga a haƙorana, nauyinta a kafaɗa, ƙugu ya juya da kansa, birgin ya buɗe a sama ba ko lanƙwasa, ya sauka daidai kan gurabun da Baba ya nuna mini. Da na jawo, Yaya ya ce Haleluya, Alhaji ya yi kabbara, ba wanda aka bari a baya. Jifa uku na yi. Kifin da ke gadin ƙwai ba ya gudu, shi ya sa ba wata gwaninta a ciki. Akwatunan suka cika har murfi ya ƙi rufuwa. A mota suna ta zuba mini kirari, ni kuma ba zan ɓoye ba, har muka hau kwalta kaina a kumbure yake. Alhaji ya kwashe su ya kyafe a rabin duro a bayan gidan wani abokinsa, aka yi rabo gida-gida, aka yi ta sa mini albarka.

Ran Asabar Baba ya tsaya a bakin ruwa bai ko haɗa sanda ba. Gurabun suna nan fayau, ƙananan kifaye na ta shawagi a ciki kamar 'yan wawaso. A laka ga sawun dalma a zagaye. A ciyawa ga ɓawo ya bushe yana ƙyalli.

"Ku nawa?"

"Uku, Baba."

"Wa ya jefa?"

Da na ce Alhaji, da ba ƙarya na yi ba. "Ni ne."

"Na sani. Wanda ya jefa ya san inda suke."

Ya zauna a kan kututture, ya cire hula ya daɗe yana duban cikinta. Na durƙusa. Ya ce in tashi, ba ya son wannan.

"Saurara, Cif. Ba ta gani ba. Ba wanda ya gani. Talata ta ƙare maka, sai dai Asabar, a gabana. In an ƙyale ruwan, manyan kifin za su dawo, ko ni ban gani ba wani zai gani. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka rufe bakinka. Kada ta ji. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Muka kama 'yan ƙanana, ya gyara su, ya kai mata a ƙofar kicin. Ina mota ina jiyo su suna hirar ciwon gwiwa.

Na ji, amma cikina bai ɗauka ba. Yana sauke ni na wuce gidan Yaya na zazzage masa komai, har da ƙwan da aka cinye. Yaya mutumin kirki ne, kuma wannan ne ya gama da mu. Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Mun shiga ruwan gwauruwa ba ta nan, mun kwashe, ba mu fitar mata da ko ɗaya ba. Ni, dattijon coci. Ƙanena, wannan sunansa sata."

"Baba ya ce a yi shiru."

"Kunya yake ji, shi ya kawo ka. Kuma shi kaɗai ne, ba shi da manyan da za su shige masa gaba. Mu muna da su. Gobe in an tashi sujada za mu je mu ba da haƙuri kamar 'ya'yan mutane, mu kai mata rabonta, mu wanke tsohon nan."

Na so in ce wataƙila akwai abin da ba mu sani ba. Amma maganar ta yi mini daɗi. A wurinmu ba a barin laifi a rufe. Manya ake ɗauka a je a durƙusa, mai haƙƙi ya yi faɗa ya gaji, ya ce ya wuce, a kawo ruwa a sha, a tashi zumunci ya fi na da. Har na riƙa hango fuskar Baba in ya ji mun sauke masa kaya. Ban buga masa waya ba. Na ce a raina ai ba a sanar da mutum za a yi masa alheri.

Mota biyu muka yi. Yaya da babbar riga mai aiki har ciki, wasu dattawa biyu daga coci don a cika mutunci, Alhaji da rigar saƙi irin ta mutanen ƙasarsu da jar dara, ni da kwat ɗin aro. Alhaji ya zaɓo shida mafiya girma cikin waɗanda suka rage masa, baƙaƙe ƙirin, an lanƙwashe su an soke da tsinke. Aka jera a tire aka rufe da leshi. Da muka isa na nufi ƙofar kicin, Yaya ya riƙo ni.

"Ban haƙuri ta bayan gida? Ka taɓa gani?"

Muka bi ta gaba.

Ta buɗe ƙofar katako ta bar ta ragar a rufe. Da rigar coci a jikinta, da sanda a hannu. Mu biyar muka zube a kan ciyawa. Ina kallo hannunta ya lallaɓa ya sa sakata.

Yaya ya yi jawabi. Turancinsa na mishan ne, kowace kalma da takalminta. Bai rage komai ba, don a wurinmu ban haƙurin da aka rage ba ya karɓuwa: ranar da muka zo, ba ta nan, mu uku, raga, akwati biyu. Duk inda ya tsaya jan numfashi Alhaji ya cusa "Sori, Mama." Aka yaye leshi, aka ɗaga tire. Ta dubi kifayen, baƙaƙe, baki a wangale, ta ja da baya taku ɗaya.

Ni ta gane. Ta ce, "Kai ne baƙon da tsohon nan ya kawo." Sannan ta tambaya ko Baba ya san da wannan.

Nan Yaya ya ga damar wanke tsohon ta samu. "Ya sani, Mama, tun jiya. Shi ne ma ya yi wa yaron nan faɗa sosai. Mutumin kirki ne, ba hannunsa a ciki."

"Jiya," in ji ta. "Jiya ai ya tsaya a ƙofata."

Ta ce mu ajiye abin a nan, mu tafi, don Allah. Ta rufe ƙofa, muka ji ƙarar makulli biyu.

A mota Yaya ya sauke ajiyar zuciya. "Ka gani? Ko faɗa ta kasa yi. An taɓa mata zuciya." Alhaji ne ke tuƙi. Shi direban tasi ne, fuskar mutane ta madubi ita ce karatunsa.

"Masta," ya ce, "matar nan tsoro ta ji."

Duk satin ban haɗu da Baba ba. Sau ɗaya na hango shi can ƙarshen filin ajiye motoci, na ɗaga hannu, ya ɗaga. Na riƙa gaya wa kaina in da abin ya ɓaci ai da ya zo ya same ni. Ran Alhamis na yanke yatsa a kan albasa, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaron kuku.

Ran Asabar ya yi mini hon kamar kullum. Na sauko da sandata. Ba sanda a bayan motarsa, amma ban tambaya ba. Muka wuce Bowie. A inda ake barin kwalta a shiga tsakuwa, sai ga sababbin turaku biyu, sarƙa a tsakaninsu, da allo mai jan rubutu. Wannan kam ko da aji huɗu ana karanta shi. Ya kashe mota.

"Ɗanta ya kira ni ran Litinin," in ji shi, idonsa a kan sarƙar. "Ya ce maza biyar sun zo wa uwarsa gida tana ita kaɗai, sun durƙusa mata a ciyawa, sun bar mata wasu ƙonannun abubuwa a ƙofa. Ya ce ba maganar kifi ba ce. Wai ta tambaye shi, in na iya tsayawa ina yi mata hirar gwiwa da wannan a cikina, me kuma na ɓoye mata duk shekarun nan."

"Baba, haƙuri muka je bayarwa. Dominka muka je."

"Na sani."

"A wurinmu haka ake yi. In manya suka durƙusa..."

"Na ce na sani, Cif. Ni ma ai na gaya maka yadda ake yi a wurinmu."

Ya fita ya je ya tsaya gaban sarƙar. Ko gwiwarsa ba ta kai ba, akuya za ta tsallake ta ba ta daina tuƙa ba. Daga nan ana hango rufin rumbun taba da kawunan itatuwan da suka kewaye tafkin. Na bi shi.

"Ka tsallaka mana ka je ka yi mata bayani. Ni sai in tsaya a nan. Ai ta san ka."

"Shekara sittin da ɗaya ina gangara ruwan nan don an ce in gangara. Ban taɓa tsallake komai a gonar nan ba."

"To me ya sa muka zo?"

"Don ka gani da idonka. Kada ka sake tara mini manya."

Ya rubuta mata wasiƙa, matarsa ta taya shi, ba a amsa ba. Da Yaya ya ji labarin sarƙar ya ce abin da sauƙi, wannan karon da fasto za a koma. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗaga masa murya, a falonsa, a gaban matarsa.

Baba bai daina gaishe ni ba. Na ce masa akwai tafkunan gwamnati, kowa na zuwa, an ce har da irin kifin namu a wasunsu, mu gwada mana. Ya ce ya ji, wata rana. Sai ya fara karɓar aikin Asabar, wanda shekara da shekaru yake bar wa wasu. Asabar ɗin farko da na gan shi ta taga, safiya ce mai kyau, ba iska ko kaɗan. Yana ratsa filin motoci da tsani a kafaɗa, zai je kwashe ganye daga indararon ginin da ke kallon nawa. Na saki labule na zauna. Ban fita ba sai da na ji ya naɗe tsanin ya tafi.